Rumana Tara a Cikin Tukunya

Ƙwas. Ƙwas. Sai shiru. Can kuma, ƙwas.

A daren da zazzaɓi ya cika kwana uku a jikin Baba Tunau ne ya fara jin wannan ƙara. Ba cin gara ba ne, ba kuma tafiyar ɓera ba ce a kan kwanon rufi, waɗannan ya san su kamar yadda ya san tarinsa. Wannan kamar wani ne ke ƙwanƙwasa ƙofa da farce, a hankali, irin ƙwanƙwasar mai kunya da ya daɗe a tsaye. Kuma daga ƙarƙashin gadonsa take fitowa.

Ya san abin da ke ƙarƙashin gadon. Tukunyar ƙasa ce, an kife mata murfi, an liƙe bakin da laka. A cikinta akwai kawunan rumana guda tara, su ke nan suka rage masa a duniya.

Rumana fure ce mai dogon ganye kamar takobi. Kara ɗaya take fitarwa, furanni su jeru a jikinsa suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama, ɗaya bayan ɗaya. A cikin ƙasa tana da kai irin na albasa, sai dai ya fi tauri. Akwai ta daji da ke fitowa tsakanin duwatsu da farkon damina, akwai kuma ta lambu mai manyan furanni. Tunau ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin gadina, wato kula da lambu, a wani gida a Bukuru, a can ya koyi ɗaukar garin furen ta daji da gashin kaza yana shafa wa ta lambu, shekara bayan shekara, mutane na yi masa kallon wanda ya zare. Har Allah ya ba shi wata irin da ba kowa ke da ita ba sai shi: ja kamar garwashi, maƙogwaronta rawaya, da ɗigo-ɗigon shuni kamar an yarfa mata tawada.

Sai dai rumana tana da ƙa'ida. In ganye ya bushe bayan damina sai a tono kan, za a tarar da sabo zaune a bisa tsohon, tsohon ya motse ya yi baƙi, ya riga ya ba da duk abin da ke cikinsa. Na ƙasan shi Tunau ke kira uwa, na saman 'ya. Dole a sa babban yatsa a ɓalle uwar a yar, a barbaɗa wa 'yar toka, a rataye ta cikin kwando inda iska ke ratsawa. In aka bar su manne, ruɓar uwa sai ta hau 'ya.

To bara da kaka manyan yatsunsa suka ƙi. Sanyi ya shiga gaɓoɓin, suka sandare, ko maɓallin riga ba sa iya kamawa. Ya zauna bayan ɗaki da kawuna tara a gabansa tun hantsi har la'asar, bai ɓalle ko ɗaya ba. Ya kira wani ya taya shi? A ce Tunau mai fure ya kasa aikin da ya yi shekara arba'in yana yi? Sai ya zuba su a tukunya yadda suke, ya kwaɓa laka ya liƙe, ya ce wa kansa gobe. Gobe ta zama wata biyar.

'Yarsa Barira, wadda ke aure a Mangu inda suke noman dankali, ta zo jinyarsa. Da yake 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar suna, sai dai ya ce 'yar nan. Da magaribar wannan ranar, tana zuba masa miya, ta ce, "Baba, hadari ya fara haɗowa. Ina kawunan nan ne? Ban ga kwandon a rataye ba."

"Suna inda suke."

"Ka ba ni ko uku ne in tafi da su. Ƙasarmu da sanyi, za su yi."

"Fure ba dankali ba ne, 'yar nan, da za a watsa a juya baya."

"Dankalin dai kake ci a miyar nan, har ka nemi ƙari."

Da ya yi dariya da magana ta mutu a nan. Amma zazzaɓi da tsoro suka taru suka saki harshensa, ya ce, "Hannun da ya taɓa yi musu aski ba zai sake taɓa su ba."

Barira ta ajiye ludayi a hankali. Tana da shekara tara ta taɓa shiga lambun da wuƙar girki ta yanke rumana kaf, kara da ganye, har ƙasa. Ganye kuwa shi ke ciyar da kai. Cikin ɗari biyu, arba'in ne suka rayu, daga nan kuma suka yi ta raguwa. Bai taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, yau shekara talatin.

Ta ce, "Da motar farko zan tafi, in an idar da asuba. Allah ya ƙara sauƙi." Ta kwashe kwanuka ta fita.

Ƙwas. Ƙwas.

Ya so ya kira ta, tana nan kwance a ɗaya ɗakin, amma in ta zo za ta ga tukunyar. Sai ya mirgina ya zura hannu ƙarƙashin gado don ya dafe murfin, ko abin ya yi shiru. Hannu ya yi ta tafiya. Ya wuce inda tukunya take, ya wuce inda bango ya kamata ya tare shi, kafaɗa ta bi hannu, kai ya bi kafaɗa, sai ga Tunau ɗungurungum yana gangarawa kamar guga a rijiya, zazzaɓinsa na biye da shi yana haki kamar kare.

Ya dira a kan wata ƙasa mai laushi da ɗumi. Fili ne iya ganinka, iska ba ta motsi, wurin na warin rumbun da ruwa ya shiga. Ya ɗaga kai. Sama ja ce, ta lanƙwaso ta kowane gefe, babu tauraro ko ɗaya. Can ƙololuwa, inda rana kan tsaya da azahar, akwai wani baƙin faifai, an dandanna laka kewaye da shi, a jikin lakar kuma ga sawun hannu, kowanne ya kai faɗin gona. Yatsu huɗu-huɗu ne suka fito. Babban yatsa bai taɓa ba.

"Sannu da zuwa, mai gida. Ka zo duba ginin naka?"

Ya juya. Gafiya ce, tsayinta ya kai kafaɗarsa, tana tsaye da ƙafa biyu, ta yafa tsohon buhu, tana riƙe da fitilar aci-bal-bal. Kunnenta ɗaya a yage yake. Tunau ya san wannan kunne, shi ya yage shi da fartanya wata damina da ta wuce.

"Ɓarauniya! Ashe ke ce ke ƙwanƙwasawa."

"Ni ba na ƙwanƙwasawa, haƙa nake yi. Shekara nawa ina cin kawunan rumanarka, na taɓa ƙarar da su? In ci ɗaya in bar tara. Kai kuwa yini ɗaya ka tattara su ka rufe musu numfashi. Tsakanina da kai wa ya fi ɓarna?"

"Ɓoye su na yi."

"Daga wa?"



Gafiya ta girgiza fitilar kusa da kunnenta mai lafiya, ta saurara. Ta ce, "Man nan ba zai wuce asuba ba. In motar Mangu ta tashi, shi ke nan, babu sauran hannu a gidanka. Biyo ni."

Suka yi ta tafiya, ƙasa na tsotsar ƙafarsa tana saki da ƙyar. Ƙarar nan kuwa sai ƙaruwa take yi, yanzu daga sama take zuwa, tana amsa kuwwa. Can hasken fitila ya faɗa kan wasu tsofaffin mata tara, zaune a kewaye, sun nutse cikin ƙasa har ƙugu. Fatarsu ta motse kamar busasshiyar kuka. Kowacce na ɗauke da budurwa, ba a baya ba, a ka, kamar mai ɗauke da tulu. 'Yan matan sun lulluɓe da wani siririn zane mai ruwan ƙasa, ba a ganin fuskokinsu. Daga tsakiyar kan kowacce wani farin ƙaho ya fito, siriri, ya miƙe ya yi ta tafiya har ya kai ga baƙin faifan nan na sama, yana tunkuyinsa. Ƙwas. Ƙwas.

Da ya matsa kusa sai ya ga wani baƙin ruwa na tsattsafowa daga wuyan tsofaffin yana hawa ƙafafun 'yan matan. Wata ya kai mata idon sawu, wata gwiwa, wata ƙirji. Biyu ya riga ya rufe su ruf, ƙahonninsu sun langaɓe sun kwanta a ƙasa kamar igiyar da aka saki.

Wata tsohuwa ta buɗe ido ɗaya. Muryarta kamar ana taka busasshen ganye.

"Tunau, ka zo sauke mu?"

"Na zo gaishe ku ne, Inna."

"Gaisuwa ba ta sauke kaya. Mun gama namu tun kaka. Mun shayar, mun bushe, abin da ya rage a cikinmu yanzu ba abinci ba ne. Me ya sa ka bar mana su a ka?"

"Tausayinku na ji."

"Ƙarya kake yi. Mu ga hannunka."

Ya mayar da hannuwansa baya kamar yaron da ya saci ƙuli.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗan nan. Fito da su."

Ya fito da su. Inda manyan yatsu suke a da, sai ga dafaffiyar kuɓewa guda biyu suna reto. Duk da haka ya durƙusa, ya sa su tsakanin kan tsohuwar da ƙafar budurwar, ya dage ya tura iya ƙarfinsa. Kuɓewa ta lanƙwashe, yauƙi ya zame, ya faɗi rub da ciki. Yana nan kwance ya ji wani abu ya zubo daga sama, shuuu, ya kwanta kusa da kuncinsa. Farin ƙaho ne, da sanyi.

Gafiya ta ce, "Saura shida."

"Ina zan sami yatsa? Don Allah, ina ake samu?"

"Ni ba ni da shi, ka gani. Tambayi garwa. Ita ta san duk wanda ya taɓa riƙe ta."

Bai ga inda ta fito ba, sai ga tsohuwar garwarsa ta ban ruwa tana tafe ita kaɗai, tana ɗingishi ta gefen da ya lotse, ruwa na ɗiga daga hudar gindinta. Duk ɗigon da ya taɓa ƙasa sai ya yi ƙara kamar ƙaramar ƙararrawa, ya tsaya yana haske.

Garwa ta ce, "Hannu biyu na sani a lambun nan. Naka, da wani ƙarami da ke ɗaukata in ka tafi masallaci."

"Ba wanda ke taɓa garwata."

"To, ni ce nake kai kaina rafi in dawo."

Ta juya ta yi gaba. Tunau ya bi ɗigon, gafiya na biye da fitila, harshen wutar ya fara ja da baya cikin lagwani.

Ɗigon ya kai su bakin wani lambu, sai Tunau ya gane lambunsa ne na da. Ga rumanarsa nan, ɗari biyu cif, kowacce ta fitar da kara, jan nan ya haske wurin kamar an hura wuta a ƙarƙashin ƙasa. Amma ganyayen takubba ne na gaske, an kakkafa su, kaifi na kallon sama, in suka gogi juna sai su yi ƙara. A tsakiya wata yarinya ce 'yar shekara tara, da wuƙar girki, tana yanka.

Ya buɗe baki ya daka mata tsawa, sai gashin kaza ya yi ta fitowa daga bakinsa yana tashi sama. Ya zabura da gudu, lambun ya yi ta miƙewa a gabansa kamar danƙo. Yarinyar ba ta waiwaya ba. Takubban na yankar yatsunta, tana tsotse jinin tana ci gaba, har ta tara dami wanda ya fi ta girma. Ta rungume shi, ba ta ganin gabanta, ta nufi wata ƙofa da ke tsaye ita kaɗai a fili, ba bango ba rufi. Daga bayan ƙofar ana tari.

Ƙafafun Tunau suka tsaya da kansu. Ya san wannan tari. Na Hansatu ne, matarsa, mahaifiyar Barira, wadda ta kwanta a wannan damina ba ta ga ta gaba ba.

Murya ta fito daga bayan ƙofar, a gajiye. "Bana ban ga furen babanki ba. Sun fito kuwa?"

Yarinyar ta tura ƙofar da ƙafa. "Ga su, Inna. Duka na kawo miki, kada ki ce wata ta fi wata."

Ƙofa ta rufe, ta nutse cikin ƙasa kamar dutse a ruwa. Tunau ya tsaya yana lalube cikin kansa, ko a duk tsawon daminar nan ya taɓa yanko kara ɗaya ya shiga da shi ɗakin. Ya tuna ya sha tsayawa a bakin ƙofa yana ba ta labarinsu, wadda ta buɗe jiya da wadda za ta buɗe jibi. Labari kawai.

Ya ce, "Ban sani ba."

Gafiya ta ce, "Ba ka tambaya ba. Saura biyar."

Ya waiwaya ya nemi garwa, ya tarar ta kife, ta tsiyaye sarai. A inda ruwanta na ƙarshe ya taru, kara ɗaya da wuƙa ta tsallake ya fara tsawo. Yana kallo ya wuce tsayin mutum, ya wuce tsayin giginya, ya yi kauri kamar hasumiya, furanninsa suka zama ɗakuna jere bisa juna har sama.

Gafiya ta miƙa masa fitilar. "Nan iyakata. Ni ta ƙasa ce. Ka hau ka tura murfin, ko ka kira wanda zai buɗe daga waje."

"In na kira, za a gani."

"Za a gani mana."

Ya riƙe fitilar da yatsu huɗu ya shiga ɗakin farko. Bangonsa ja ne, amma ya yi laushi, ya fara yamutsewa, rufin ya sauko har yana shafar hularsa. A kusurwa wani tsoho na zaune yana gyangyaɗi, ya juya baya. Tunau bai so ya ga fuskarsa ba, don ya gane facin da ke kafaɗar rigar. Ya raɓa ta gefensa ya hau. Ɗaki na biyu a buɗe, na uku rabi a buɗe. Daga na huɗu zuwa sama kuwa duk a tsuke suke, kore shar, an naɗe kowanne da igiya an ƙulle tamau. Wani ƙudan zuma, babba kamar ɗan akuya, yana ta zagaya na huɗun yana buga kai.

Ƙudan ya ce, "Malam, kai ne mai igiyar? Tun yaushe nake jira. Na ƙasa ya gama, na sama bai buɗe ba, ni ina zan sa kaina?"

"Ba tawa ba ce."

"Ga bakinta nan a ƙugunka."

Ya duba. Lallai igiyar a ƙugunsa take ɗaure, ƙulli uku, irin ƙullin da shi kaɗai ke yi in zai ɗaure kara a jikin sanda. Ya kai hannu zai kwance, kuɓewa ta zame. Ya kai baki zai sa haƙora, ya tuna ba su nan. Sai ya ci gaba da hawa ta bayan ɗakunan, yana maƙale da gwiwa da haɓa, kuma duk takun da ya ƙara sai igiyar ta ƙara shaƙe su, yana jin wani abu a ciki yana nishi.

Daga can ƙasa muryar gafiya ta taso, 'yar ƙarama kamar ta sauro. "Saura huɗu!"

Ya kai ƙololuwa. Baƙin faifan na nan bisa kansa, ga fararen ƙahonnin da suka rage a gefensa suna ta tunkuyi, bakunansu sun lanƙwashe don dukan da suke yi. Ya sa gadon baya ya tura tare da su. Ko gezau. Lakar da ya kwaɓa da hannunsa ta zama dutse. Ya kara kunne a jikinta, sai ya ji motsin duniya can nesa: ana zuba ruwan buta a ƙasa, zakara ya yi cara, takalmi na ja a tsakar gida, sannan wata ƙara siririya, ziiit, an ja zif ɗin jaka.

Wutar fitila ta koma kamar ƙwayar gero.

Ya buɗe baki. "Ke! Ke 'yar nan!" Maganar ta bugi murfin ta faɗo masa a fuska. Ya sake, ta sake faɗowa. Ai duk duniya cike take da 'ya'yan mutane, wa zai san da wa ake? Takalmin ya nufi zaure. Akwai suna guda a can ƙarƙashin harshensa, ya shekara talatin da tara a ajiye, shi ma kamar an liƙe shi da laka, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Ya yi ta kokawa da shi, yana ji yana tsaga masa maƙogwaro.

"Saura uku!"

Fitila ta mutu.

"BARIRA!"

Ya farka da sunan a bakinsa. Yana ƙasa, rabin jikinsa ƙarƙashin gado, ya rungume tukunya, rigarsa sharkaf da gumi. Gari ya yi sha. A bakin ƙofa Barira ce tsaye, ta yafa mayafi, jaka a kafaɗa, ta saki baki.

"Baba? Ni ka kira?"

"Ɗauko taɓarya."

"Innalillahi, jikin ne ya tashi? Bari in kira..."

"Taɓarya na ce. Ki fitar da wannan waje ki fasa bakin."

Ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta ga lakar. Ta ajiye jaka, ta ɗauki tukunyar ta kai tsakar gida, shi kuma ya biyo ta yana dafa bango. Bugu biyu ta yi, murfin ya dare. Warin da ya taso sai da ya sa kaji suka watse.

Ta juye a kan tabarma. Biyar sun narke sun zama baƙin kunu. Uku na nan da taurinsu, kowanne da farin tsiro a lanƙwashe, uwayen na manne a gindi. Akwai wani guda kuma da rabinsa ya yi laushi, ba a san inda ya dosa ba.

Tunau ya durƙusa ya ɗauki ɗaya daga masu taurin. A gabanta ya ɗora babban yatsa inda ake ɗorawa, ya danna. Yatsan ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Sai ya ajiye kan, ya miƙa mata hannuwansa biyu a buɗe, kamar mai nuna wa likita.

"Tun bara," in ji shi.

Barira ta dubi hannuwan. Sannan ta tsuguna ta ɗauki kan, ta juya shi, ta sa yatsa ta ɗan murɗa. Ɓas. Uwar ta faɗi gefe, gindin 'yar ya fito fari tas. Ta yi na biyu, ta yi na uku. Na huɗun ta sa wuƙa ta sheme ruɓar har ta kai ga nama mai kyau. Ba wanda ya ce mata komai ta tashi ta nufi murhu, ta ɗebo toka mai sanyi a tafin hannu, ta shafe su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya koya miki?"

"Zanar lambu tana da huda, Baba. Ta nan nake leƙenka."

Akwai tambayar da ya so ya yi mata, game da wata ƙofa da wani tari. Kafin ya haɗa ta, direban motar Mangu ya danna oda daga kan kwana, sau biyu. Ya cire hularsa ya zuba kawunan a ciki, duka huɗun, ya dunƙule ya danƙa mata.

"Zurfin yatsu huɗu. Kada ki binne su inda ruwa ke kwanciya. In sun fito ki kafa musu sanda, iskarku ba ta da kunya. In za ki yanka..." Ya tsaya.

"In bar ganye huɗu. Na sani."

"Na san kin sani."

Ta buɗe hular ta zaro ɗaya. "Ka riƙe wannan. Ko don ka riƙa gani."

Ya mayar da hannuwansa cikin aljihu ya girgiza kai. "Da kaka wa zai ɓalle mini?"

Mota ta sake yin oda, wannan karon da tsawo.

"Wai wane mushe kuka tono da sassafen nan? Kun kore mini masu saye!" Tabawa ce mai ƙosai, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta saman danga, ta toshe hanci da gefen zane, matsami a hannu yana ɗigar mai. Ta dubi fasasshiyar tukunya, ta dubi baƙin kunun da ke kan tabarma, ta dubi hular da ke hannun Barira da kan tsohon da ke tsaye ba hula. Ta sauke zanen daga hancinta a hankali.

"Malam Tunau, duka ka ba ta? To kai kuma, in gari ya waye, me za ka tashi ka yi wa ban ruwa?"

Barira ta dubi mahaifinta. Shi kuwa yana kallon gabas, inda hadari ya fara yin baƙi a bayan duwatsu.